Ɗauka Kafin a Ɗauke

Lokacin da lantarki ya shigo ƙasar Hausa, ba a sha wahalar raɗa masa suna ba. Kalmar "lantarki" an bar wa takardun gwamnati da masu karanta labarai a rediyo. A tsakar gida da kasuwa kuwa, sai aka kira baƙon da sunan abin da aka riga aka sani, wato wuta. Ita ce ta murhu, ita ce ta maƙera, ita ce ke cin daji bayan kaka, ita ce kuma wadda ake roƙon Allah ya yi mana tsari da ita ranar gobe. Duk wannan kaya aka ɗora wa siririyar wayar da ke bin saman turaku daga Jos zuwa Gombe. Shi ya sa har yau maganar lantarki a bakinmu ba ta rabuwa da ɗar-ɗar. Abu ne mai amfani, mai tsada, mai halin kansa, wanda ba a sakin jiki da shi.

An kawo wuta. An ɗauke wuta. A lura da wannan "an" ɗin. Ba a faɗin wanda ya kawo, ba a faɗin wanda ya ɗauke. Sahu ɗaya muka sa ta da "an yi ruwa" da "an yi rasuwa". Hukumar NEPA da aka kafa a 1972 ta sauya suna tun 2005, a 2013 kuma aka miƙa rarraba wutar ga kamfanoni, amma yaron da aka yaye jiya-jiya a Bolari ko Herwagana, da ƙwai ya kama sai ka ji ya ƙwala ihu da sunan hukumar da ta shuɗe tun kafin a ɗaura auren iyayensa. Kalmar har ta tsallaka ta shiga zaman tare: budurwa ta ɗauke wa saurayi wuta, wanda ake bi bashi ya ɗauke wuta da aka tuna masa alkawari.

Abin da ya ja ni ga wannan magana shi ne, da aikatau ɗaya muke wa wuta da hoto hidima. Ana ɗaukar hoto, ana ɗauke wuta, fitila mai ƙarfi kuma cewa muke yi tana ɗaukar ido. Duk wanda ya fito da waya ko kyamara a titin Gombe cikin daren Disamba don ya kama fitilun ado, tsakanin ɗauka uku yake tsaye. Fitila tana ɗaukar idonsa, shi yana ƙoƙarin ɗaukarta, wani kuma da bai gani ba yana can da hannu a kan makunni, yana iya ɗauke ta kafin ya danna.

Gombe gari ne da ke zaune a kwari. Mai shigowa ta hanyar Bauchi da dare, idan ya wuce Tumfure ya fara gangara, yakan hangi garin shimfiɗe a ƙasansa, unguwar da ke da wuta tana walwali, maƙwabciyarta tana duhu ƙirin in ban da ɗigon fitilun sola. A Disamba hazo yakan lulluɓe wannan duka. Iskar hunturu tana kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, ta zo ta rataye ta a saman gari. Lokacin ne kuma garin ke cika da hidima. An gama kaka, kuɗin wake da riɗi da masara sun shigo hannu, ɗaurin aure ya yi yawa. 'Yan'uwa Kirista, mutanen Tangale da Waja da Tula da sauransu, suna ta shirin Kirsimeti, wasu za su tafi gida Billiri ko Kaltungo ko Talasse, wasu a nan za su yi. Teloli ba sa barci. Sai ka ga igiyoyin ƙananan fitilu, ja da kore da shuɗi, sun bayyana a ƙofar coci, a katangar otal, a barandar manyan shaguna, a jikin bishiyar darbejiyar da ke gaban ɗakin taron biki.

Kada mai karatu ya zaci irin na Landan ne ko Dubai. Ba su kai ba, kuma a ganina ma ba aiki ɗaya suke yi ba. A Landan, ƙarshen Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, dare ya kai kusan awa 16. Fitilun titunansu martani ne ga duhun da yanayi ya kawo, duhun da kowa ya san ranar zuwansa da ranar tafiyarsa. A Gombe rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida, daren Disamba bai fi na Yuni da wani abin kirki ba. Duhunmu ba daga sama yake zuwa ba, ta waya yake biyowa. Saboda haka mai shagon da ya rataya fitilar ado a Sabon Layi ba da hunturu yake jayayya ba. Cewa yake yi: na sayi mai, ko na sayi batir da faranti, kuma har na sami rarar da zan kashe a kan abin da ba ya dafa abinci, ba ya sanyaya ruwa, sai faranta ido kawai.

Asalin abin daga nesa yake. A 1882 wani abokin aikin Thomas Edison mai suna Edward Johnson ya naɗa ƙwayaye 80 masu launin ja da fari da shuɗi a jikin bishiyar Kirsimeti a gidansa da ke New York, wani ɗan jarida ya zo kallo. Shekaru masu yawa bayan nan abin na masu hannu da shuni ne. Abin da ya sauko da shi har ya iso kasuwar Gombe shi ne ƙwan nan na zamani da ake kira LED, wanda ba ya zafi sosai kuma ba ya shan wuta da yawa. Masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, sun sami kyautar Nobel a 2014 saboda gano yadda za a yi shuɗinsa, wanda daga shi ne aka sami farin. Yawancin kayan adon kuma daga birnin Yiwu na ƙasar Sin ake loda su. Fitilar mai shayi, da tocilar mai gadi, da hasken fuskar wayar da ke aljihunka, duk dangin juna ne da igiyar da ke ƙyaftawa a ƙofar coci.

Kuma igiyar ba ta da addini. A 2015 Maulidi ya zo sau biyu a shekara ɗaya ta Miladiyya, a farkon Janairu da kuma ƙarshen Disamba, har hutun Maulidin na biyu ya faɗo ranar 24 ga Disamba, washegari Kirsimeti. Gombe gari ne da ake raya Maulidi sosai, ana ƙawata zawiyoyi da makarantun Islamiyya da ƙofofin gidajen malamai. Tebur ɗaya masu Maulidi da masu Kirsimeti ke zuwa saye. Ka tambayi mai teburin, "Malam, wannan ta Kirsimeti ce ko ta Maulidi?" Amsar da za ka samu ba ta wuce, "Yallaɓai, ta wanda ya biya ce." Da yake watan Musulunci yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, nan da 'yan shekaru azumi da ƙaramar Salla za su sake faɗowa tsakiyar ɗari, mai teburin ya sake cin kasuwa biyu a tashi ɗaya.

To, mu koma ga mai ɗaukar hoto, domin a hannunsa ne bambancin kalmomin ke fitowa fili. Muna da wuta, muna da fitila, muna da haske, kuma a hira mukan cakuɗa su. Kyamara ba ta yarda da wannan cakuɗawa. Wuta ita ce ƙarfin, ba a ganinta a waya. Fitila ita ce mazubin: da can aci-balbal da man gyaɗa da lagwanin auduga, daga baya fitilar ƙwai mai kananzir, yau ɗan ƙwan da bai kai ƙwayar wake ba. Haske kuwa shi ne abin da ya bar fitilar ya tafi ya sauka a kan wani abu, bango ko tire ko goshin mutum. Mafi yawan hotunan dare da ake turawa a WhatsApp da Facebook hotunan fitila ne, ba na haske ba. Ɗigo-ɗigo ne masu launi a kan baƙi, waɗanda da an ce maka a Legas aka ɗauke su ko a Nairobi ba ka da hujjar musu.

Akwai wani malami da ya yi wannan tunani shekaru dubu da suka wuce. Hasan ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ne ya kafa hujja a littafinsa Kitab al-Manazir cewa ba ido ne ke harba haske zuwa ga abu ba, hasken ne ke tasowa daga abu ya shiga ido. Cikin gwaje-gwajensa akwai wanda ya dace da zancenmu. Ya jera fitilu a wurare dabam-dabam suna fuskantar wata 'yar kafa da ke buɗewa cikin ɗaki mai duhu. A bangon ɗakin sai ga ɗigon haske daidai adadin fitilun. Idan ya kare fitila ɗaya, ɗigonta kaɗai ke ɓacewa, sauran suna nan. Hasken kowace fitila ya bi ta kafa ɗaya bai gauraya da na 'yar'uwarta ba. Wayar da ke hannun matashin da ke tsaye a bakin titin Biu wannan ɗakin ne aka ƙanƙance. Tana buƙatar duhu a cikinta kafin ta iya ganin komai, kuma ba ta da abin da za ta nuna sai abin da ya shigo mata.

Matsalar ita ce, ido yana iya ganin ƙwai mai ƙyalli da fuskar wanda ke tsaye a ƙarƙashinsa lokaci ɗaya, kyamara kuwa dole ta zaɓa. Idan ta auna da ƙwan, launinsa zai fito ras, mutumin ya zama inuwa. Idan ta auna da fuskar, mutumin zai fito, ƙwan ya ƙone ya zama farin tabo. Wayoyin yanzu suna dabarar ɗaukar hotuna da yawa a jere su haɗe su wuri ɗaya, amma har yanzu sai mai wayar ya taɓa gilashi ya nuna mata inda hankalinsa yake. Kamfanin da ke yin Tecno da Infinix da itel ya ci kasuwar Afirka, kuma cikin dalilan akwai cewa ya gyara kyamarorinsa don su iya karanta baƙar fata, abin da kayan hoto na da ba su damu da shi ba. Duk da haka zaɓin yana hannun mutum. Ni dai inda na tsaya, fuska ta fi ƙwai. Akwai kalma ta huɗu da muke ajiye wa fuska kaɗai, annuri, kuma ba a sayar da ita a tebur.

Wanda ke son hoton kirki, lokacinsa ɗan kaɗan ne. Masu sana'ar sun san cewa fitilun ado sun fi kyau kafin sama ta yi baƙi, lokacin da akwai sauran haske da zai nuna siffar gini da bishiya da mutane. A ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya wannan lokaci yakan yi tsawo. A nan kuwa almuru gajere ne, minti ashirin da 'yan kai ya wuce. Kuma daidai lokacin ne ladan ke kiran Magariba. Mai hoto Musulmi sai dai ya riga ya zaɓi wurin tsayawarsa tun da la'asar sakaliya, ya yi salla a masallaci mafi kusa, ya fito da sauri ya tarar da abin da ya rage na shafaƙi. A hunturu ma samar ba ta yin shuɗin nan da ake gani a hotunan Turai. Toka-toka take yi, wani lokaci ja-ja. Wasu suna ƙoƙarin gyara launin a waya don ya yi kama da na can. Ban ga dalili ba. Hazon nan shi ne sa hannun garin a kan hoton. Shi ke sa kowane ƙwai ya yi rawani, shi ke sa fitilar Keke Napep ta zama doguwar sanda a cikin iska.

Akwai wani ƙaramin abu da ke ɓata hotunan Disamba fiye da rashin tsadar waya. Ɗari yana busar da fata, kowa ya shafa basilin ko man kaɗanya, yatsa kuma ba ya rabuwa da bayan waya. Da maiƙo ya hau ɗan gilashin kyamara, ƙura ta bi ta manne, kowace fitila sai ta fito da jela. A goge shi da gefen riga mai laushi kafin a fara. A kashe filasha, domin ba ta kai wa ga fitilun, sai dai ta haska ƙurar da ke gaban hanci ta cika hoton da farin ɗigo. Idan aka ga wasu baƙaƙen layuka suna ratsa hoton, ba wayar ce ta lalace ba. Wutarmu tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya, fitilu da yawa suna ƙyaftawa tare da ita, ido ba ya kamawa amma kyamara tana kamawa idan ta yi saurin rufe ido.

Maganin duhu a wurin kyamara shi ne haƙuri. Wanda ya tara ruwa a bakin indararo ya san cewa idan ana sheƙawa, nan da nan bokiti ke cika, idan kuwa yayyafi ne sai an bar shi ya daɗe, kuma ba a motsa shi. Haka hasken dare yake. Sai an bar idon kyamara a buɗe daƙiƙa ɗaya ko biyu ko goma, hannu kuma ba ya iya tsayawa cik haka. Wanda ba shi da mazauni mai ƙafa uku sai ya jingina wayar da katanga, ko ya ɗora ta a kan sirdin babur da aka kashe, ya sa ta ƙirga da kanta kafin ta ɗauka. Abin da ke fitowa yana da ban mamaki. 'Yan acaɓa sun zama zaren ja da fari, masu wucewa da ƙafa sun narke, wanda ya zauna ne kawai ya fito sosai. Haka ta faru tun farkon sana'ar. A hoton da Louis Daguerre ya ɗauka na wani babban titin Faris a 1838, kekunan doki da jama'a duk sun ɓace saboda daɗewar ɗaukar, sai wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi da mai goge masa. A Gombe ma waɗanda dogon ɗauka ke ragewa su ne mai shayi a bayan tulin biredinsa, mai tsire a bakin tukuba, mai gadi da ya ƙudundune cikin bargo yana jin ɗumi, yarinya mai gyaɗa da ta tsaya da tire a ka tana kallon fitilun da ba don ita aka kunna ba. Kafin a ɗauke su a yi sallama a nemi izini. "Baba, in ɗauke ka?" ba ta cin komai, kuma wanda ya ce a'a, a'arsa ta zauna. Wajen shingen jami'an tsaro kuwa, a mayar da waya aljihu.

Akwai wata ma'ana ta kalmar hoto da ya kamata ta riƙa damun mai hoto. Idan muka ce wane hoto ne kawai a ofis, muna nufin yana nan amma ba shi da ta cewa. Bahaushe ya karɓi kalmar, amma bai daɗe ba ya gane cewa abin yana iya nuna siffa ya ɓoye gaskiya. Hoton fitilun ado yana cikin masu saurin yin wannan. Matsa kaɗan zuwa dama, ka yanke janaretan da ke ruri a gefen katanga. Ɗaga sama kaɗan, layin da ke bayan otal ɗin, wanda ya kwana biyu bai ga wuta ba, ya fita daga ciki. An ce gani ya kori ji, to amma wanda ya riƙe kyamara shi ke yanke abin da za a gani.

Gaskiyar garin kuwa ba ɓoyayyiya ba ce. Madatsar Dadin Kowa tana kan kogin Gongola, kimanin kilomita 40 gabas da Gombe. An gina ta tun shekarun 1980, amma injinanta masu megawat 40 ba su fara ba da wuta ba sai bayan fiye da shekara 30. A watan Afrilun 2024 ɓata-gari suka lalata turakun babban layin Jos zuwa Gombe, garin da maƙwabtansa suka yi kwana da kwanaki a duhu. A Oktoban shekarar kuma kusan Arewa gaba ɗaya ta shiga irin wannan hali. Masu walda da masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara sun san abin da suka yi asara. Hoton da ya nuna Gombe tana walwali daga Pantami har Tudun Wada ba tare da ko alamar wannan ba, talla ne.

Sai dai ban yarda da masu cewa fitilun ado almubazzaranci ne kawai a garin da asibiti ke neman wuta ba. Wanda ya zauna a Gombe a 2014 da 2015 ya san wani duhun da ya fi na waya. Ranar 22 ga Disamban 2014, kwana uku kafin Kirsimeti, bam ya tashi a tashar Dukku lokacin da matafiya suka cika ta. A watan Yulin 2015, ana jajibirin ƙaramar Salla, wasu suka tashi a babbar kasuwa a tsakiyar masu sayayya. A waɗancan shekarun taro abin tsoro ne, ana idar da Isha kowa ya nufi gida, ko da wuta ko babu. Saboda haka idan yau ka ga iyali sun tsaya a gaban shago ƙarfe tara na dare, uba yana cewa yara su matso su yi murmushi, uwa tana gyara wa ƙaramar ɗankwali, abin da ya cancanci ɗauka ba igiyar Yiwu ba ce. Tsayuwar ce, da sakin jikin da ke cikinta.

Jihar Gombe an ƙirƙiro ta ranar 1 ga Oktoban 1996, garin kuma ya zama mazaunin masarautar Bubayero tun 1919. Ka nemi hoton daren Gombe na zamanin fitilar ƙwai, ko na shekarar da aka fara kunna fitilun kan titi, ka ga wahalar da za ka sha. Masu hoton da, waɗanda ke shiga ɗakin duhu su wanke fim su rataye dodon hoto ya bushe, aikinsu na rana ne da na cikin situdiyo, kuma yawancin abin da suka tara ya bi ruwa da gara. Mu da muke da kyamara a kowane aljihu muna ɗaukar dubbai, amma suna mutuwa tare da wayar, ranar da ta faɗa kwata ko aka yi awon gaba da ita a kasuwa.

Don haka, matasan Gombe masu riƙe da waya da kyamara, wannan hunturun ku fita. Ku ɗauki ƙofar coci da ƙofar zawiya, ku bar janaretan a cikin hoton, ku bar layin da ke duhu a gefensa, ku auna da fuskar mutane. Cikin abin da kuka ɗauka ku zaɓi biyar ko goma ku kai a wanke muku a takarda. A bayan kowanne ku rubuta unguwa da kwanan wata, ku kuma rubuta ko wutar gari ce, ko ta inji, ko ta sola.